Faɗuwa ta Biyar

"Ka matsa hagu kaɗan," in ji Babayo. "Layin ya fara karkacewa."

Andrawus bai ɗago kai ba. Ya soka lanƙwasasshiyar allurar a fatar sangalin hannun, ya jawo zaren, ya ƙulla, ya datse da almakashi.

"Malam Babayo, hannu nake ɗinkawa, ba wuyan riga ba."

"Duk ɗaya ne. Mutane za su gani, su tambaya wa ya yi."

"Ka ce Andrawus ne, nas na ɗakin gaggawa. Ka kuma gaya musu ba na karɓar aikin Sallah."

Babayo ya so ya yi dariya, amma allurar kashe zafin ta fara sakin hannun, sai dariyar ta tsaya masa a haƙori. Ya mayar da ido sama, inda fanka ke juyawa kamar roƙonta aka yi.

Wannan ne karo na biyar cikin shekara biyu da Babayo Tela ya zauna a kan wannan gadon mai shimfiɗar leda. Shekararsa hamsin da huɗu, siriri ne, irin mutanen da in hadari ya taso ake ce musu su kama wani abu. Shagonsa na Ƙofar Dumi, ɗan ɗaki ne a jikin zauren gidan marigayi Alhaji Ashiru. Alhajin ne ya ba shi wurin shekara ashirin da bakwai da suka wuce, ya haɗa masa da keken ɗinki, bai taɓa neman ko allura a madadinsa ba. Da ya rasu gidan ya koma hannun ɗansa Mansir, ma'aikacin ofis, mai fara'a a waje, wanda ba a rasa shi a sahun farko. Tsakanin keken Babayo da tsakar gidan Mansir katanga ɗaya ce ta ƙasa, kuma katangar ba ta iya riƙe magana ba.

Duk sanda ya ji an fara, Babayo zai sauke ƙafa daga kan keke, ya gyara hula, ya yi sallama sau ɗaya ba tare da jiran amsa ba, ya shiga ya tsaya tsakanin Mansir da matarsa Amatullah. Ba ya taɓa kowa. Cewa kawai yake yi, "Mansir, ka ji tsoron Allah." Daga nan duk abin da ke hannun Mansir sai ya sauka a kansa. Na farko taɓarya ce. Na biyu murfin tukunya. Sai kujerar tsugunno, sai bakin bokitin ƙarfe. Yau da hantsi kuma farantin tangaran ne, daga cikin kayan ɗakin ita Amatullah ɗin, ya fashe a kan hannunsa na dama da ya kare da shi. Ya naɗe hannun da ragowar wata shadda, ya hau acaɓa, mutanen layi suna ta yi masa sannu.

Su mutanen layin ne suka sa masa suna Majalisar Ɗinkin Duniya, daga baya suka gaji da tsawonsa suka bar shi a Ɗinkin Duniya. Yana nuna ba ya so. In an kira shi da shi tsuke fuska yake yi, amma yakan amsa tun ba a rufe baki ba. Namiji in ya haura hamsin, tumbi bai zo ba, sarauta ba ta zo ba, Makka ma a kalanda yake ganinta, to duk ɗan abin da aka miƙo masa da hannu biyu yake riƙewa.

Abu na biyu da yake alfahari da shi ya fi na farkon ɓoyuwa. Duk wannan zirga-zirgar bai taɓa yin ƙarya ba. Kowa ya san in ka ce a asibiti dukanka aka yi, magana ta yi tsawo ke nan. A tambayi wa, a ina, a cike takarda, wataƙila har ɗan sanda ya shigo. Babayo kuwa ba zai kai ɗan Alhaji Ashiru gaban hukuma ba. Amma kuma mutum ne da ke jan salla in liman ya yi tafiya, ba zai buɗe baki ya shara ƙarya ba. Sai ya samo wata 'yar ƙofa a cikin Hausa. Wanda ya sha ƙasa jan kalmar yake yi, ya ce "na faaɗi." Wanda ya furta magana kuwa guntule ta yake yi, ya ce "na faɗi." To duk sanda Andrawus ya ɗauki biro ya ce, "Me ya same ka?" sai Babayo ya ce, "Na faɗi ne," a guntule, ya ƙarasa a zuci: gaskiya. Ai kuwa ya faɗe ta, a kanta aka buge shi. Andrawus mutumin Bogoro ne, Hausarsa ta cikin gari ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu. Sai ya gyaɗa kai ya rubuta faɗuwa da Turanci, Babayo ya koma gida da bandeji a jiki da tsarki a baki.

Dabarar ta taɓa yi masa aiki har a wajen asibiti. Bara, bayan murfin tukunya, Amatullah ta gudu gidansu a Inkil, ta ce mijinta na dukanta, har ya tsaga kunnen maƙwabci. Ubanta, Modibbo, ba ya yanke hukunci da baki ɗaya. Ya taso takanas ya zo shagon, ya zauna a benci, ya dubi filastar da ke kunnen Babayo ya tambaya. Babayo ya ce, "Na faɗi ne, Modibbo." Shi kuwa tsohon da Fulatanci bakinsa ya buɗe tun yana yaro, bai ji bambancin ba. Ya ce, "Ayya, Allah ya kiyaye gaba," washegari ya dawo da 'yarsa da kansa. A lissafin Babayo, ranar aure ya ɗinke, ba a ma ga zare ba.

"Sha ɗaya," in ji Andrawus, yana goge wurin da auduga. "Da ya ƙara nitsewa ko da faɗin farce ne, da jijiyar yatsu ta tafi. Da keken ya huta, mutanen Ƙofar Dumi ma sun huta da alkawarin gobe."

"Na ukun dai ya karkace."

"Kawo ƙara." Ya naɗa bandeji, ya cire safar hannu, ya jawo kati ya zare biro daga aljihu. "To, me ya same ka yau?"

"Na faɗi ne."

"Layin nan naku, ku haɗu ku zuba masa yashi."

Bai kai ga rubutawa ba aka turo ƙofa da gadon turawa. Wata murya tana cewa, "A hankali, a hankali, gefen ne, kar ku taɓa gefen." Andrawus ya ajiye katin ya fita da sauri, ya ja labule. Babayo ya zauna daram. Shekara ashirin da tara yana jin wannan muryar kowace safiya tana tambayarsa ko ya ga inda ya ajiye hankalinsa. Matarsa ce, Aishatu.

Labulen asibiti bai fi katangar Mansir riƙe magana ba. Ya ji wata nas, wadda ake kira Sista Anita, tana cewa a ɗauko fayil ɗin Amatullah Mansir, yana cikin na kusa-kusa. Ya ji ana cewa ta yi numfashi a hankali, hannun hagu ya karye, haƙarƙari sai an yi hoto.

"Yau kuma me ya faru?" in ji Sista Anita.

"Santsi ne a banɗaki, Sista." Muryar Mansir ce, a natse, kamar yana karanta sanarwa.

"Karo na bakwai ke nan banɗakin nan yana kayar da ita. Amatullah, haka ne?"

Can aka ce, ƙasa-ƙasa, "Haka ne."

Babayo ya buɗe hannunsa na hagu ya ƙirga yatsu. Biyar. Sai da ya ara biyu daga hannun da ke cikin bandeji.

A baranda ya sami Aishatu zaune a benci, mayafinta duk ya yamutse, takalmanta ba iri ɗaya ba. Ta dubi bandejin ta kawar da kai.

"Ke kike kawo ta?" ya tambaya.

"A'a, aljanu ne."

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Sau biyu na gaya maka. Ka ce ai ka shiga, an sasanta, ka ce in zubo maka abinci." Ta matsa masa ya zauna. "Malam, kai kana hawa acaɓa da jini a goshi, ana ta yi maka sannu Ɗinkin Duniya, shi kuma sai ya sa sakata ya ƙarasa abin da ka katse masa. Har da ƙari, wai ta ja an ga tsiraicinsa. Kai a ɗinke ka da safe, ita in kawo ta da la'asar in ya fita. Yau ne dai abin ya fi ƙarfin jira, har shi kansa ya tsorata ya biyo mu."

"Bakwai aka ce."

"Ranar da ka je Jos sayen zare, da ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai."

Wani mai shara ya zo wucewa da tsumma a sanda, suka ɗaga ƙafafu tare.

"Na kira Modibbo," in ji Aishatu. "Yana hanya. Kai zai tambaya, ka sani. In ka ce masa abin da ka ce masa bara, ana sallamarta zai mayar da ita gidan can, kuma ni ban san me zan ɗauko karo na takwas ba. Tun ranar da ya dawo da ita yarinyar nan ba ta ƙara buɗe baki ba. Uban da ya haife ta ya kira ta maƙaryaciya a gaban ƙannenta, saboda mai jan salla ya ce faɗuwa ya yi."

"Ban ce faɗuwa na yi ba. Cewa na yi..."

"Na san abin da ka ce. Sau goma ka ba ni labarin wayon nan, kana dariya har da buga cinya."

Ta tashi ta koma ciki. Babayo ya zauna yana kallon harabar asibitin. An yi ruwa da asuba, kekuna masu ƙafa uku suna ta kewaya wani kududdufi a bakin ƙofa. Ya nemi wani abu da zai ji haushinsa, bai samu ba sai shi kansa, shi kuwa ba su saba faɗa ba.

Yana nan zaune Mansir ya fito. Farar shadda ce a jikinsa, ɗinkin Babayo ne, surfanin wuyan ma shi ya zauna ya yi da hannu Sallar da ta wuce. Kyakkyawan aiki. A bakin hannun rigar akwai ɗigon jini guda biyu, Babayo bai san ko nasa ba ne ko nata. Mansir ya durƙusa har ƙasa.

"Baba Tela, sannu. Wallahi sharrin Shaiɗan ne. Ban san lokacin da abin ke zuwa mini ba."

"Shaiɗan ɗin ne ke sa sakata in na fita?"

Mansir ya yi kamar bai ji ba. "Ka san kafin Baba ya cika amanata ya ba ka. Kai ne ubana yanzu. In ba ka rufa mini asiri ba, wa zai rufa?" Ya kaɗe wani abu daga gwiwar wandonsa. "Wani mai sayar da waya ma yana ta damuna a kan shagon nan, ya ce wurin ya yi masa. Kullum ce masa nake yi shagon Baba Tela ne. Ko jiya haka na ce masa."

"Allah ya yi albarka," in ji Babayo, don bakinsa ya saba.

Da Mansir ya tafi sayo maganin da aka rubuta, Babayo ya tashi ya shiga. Ya tsaya a bakin labule ya yi gyaran murya, Aishatu ta ce ya shigo. Amatullah na kwance a karkace, an ɗaure hannun da katako, an sa mata ƙarin ruwa. Ba ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Idonta ɗaya ya kumbura ya rufe, da ɗayan ta dube shi.

"Bappa Tela, sannu. Hannun ne yau? Yaya za ka yi da aikin mutane?"

"Bar zancen hannu." Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a kan ledar ruwan. "'Yata, me ya sa da aka tambaye ki ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa sau ɗaya, Bappa."

Ba da zafi ta yi maganar ba. Da ma da zafin ta yi, da ya sami abin riƙewa.

Ana kiran azahar Modibbo ya iso. Dogon tsoho ne, fari, da tabarau ɗaure da zare a kunne ɗaya, takalmansa na roba da jar lakar gona. Bai yi hayaniya ba. Ya gaisa da kowa bi da bi, har da Andrawus da ya shigo duba ruwan, sannan ya tsaya a ƙarshen gadon ya dubi 'yarsa. Ita kuwa bango take kallo. Mansir, da ya dawo da ledar magani, ya zube a gabansa.

"Baba, santsi ne. Ka san damina, gansakuka ta kama banɗakin. Na sha cewa a kankare."

Modibbo ya gyaɗa kai a hankali. Ya juyo, idonsa ya sauka a kan bandejin.

"Malam Babayo. Kai ma ka sake faɗuwa?"

Kalmar tana nan a bakin Babayo, a guntulenta, a shirye, ta san hanya. Ya dubi Mansir, Mansir ya dube shi da idon Alhaji Ashiru, don idon uban ya ɗauko. Ya tuna shagon: ƙusar da yake rataya tef, ramin da ƙafar keke ta yi a daɓe, hasken da ke shigowa da hantsi ya sauka daidai kan allura. Shekara ashirin da bakwai. Mutum a shekarunsa ba ya sake samun taga irin wannan.

Ya cire hularsa ya miƙa wa Aishatu.

"Kama mini rigar nan."

"A nan, Malam?"

"A nan."

Da ƙyar aka zare hannun mai bandeji. Rigar ta fita, singileti ta bayyana, da huda biyu a ciki, ɗaya har yatsa uku za su shiga. Sista Anita ta dubi hudar, ta dubi telan, ta kama bakinta. Babayo ya ga ta gani. Ya miƙe ƙirji duk da haka, abin da ke akwai na ƙirjin.

"Modibbo, matso ka duba, na ga tabaranka ba su da ƙarfi." Ya sa yatsa a goshi. "Wannan ɗinki shida ne. Taɓarya, cikin azumin bara waccan." Ya juya kunne. "Wannan huɗu, murfin tukunya, shi ka gani da filasta. Nan kafaɗa ba ɗinki, ƙashin ne ya tsage, taɓa ka ji tudun. Kujerar tsugunno. Nan ƙarƙashin gemu, uku, bokiti. Wannan na yau sha ɗaya, faranti, cikin waɗanda kuka kawo ta da su." Ya nuna su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda yake baje wa mai sayen riga aiki a kan tebur. "Ɗinkin duk na Malam Andrawus ne, ga shi nan tsaye, ba laifi yana ƙoƙari. Yankan kuma na Mansir ne. Shi ke yankawa, wannan ya ɗinka. Ni yadin ne kawai."

Ba wanda ya yi motsi.

"Ban taɓa faɗuwa ba, Modibbo. Ko a kan keke ban taɓa ba. Duk wanda ka gani a jikina, ita aka nufa da shi, kuma yau na ji ashe nata sun fi nawa. Bara da ka zo shago, 'yarka gaskiya ta gaya maka. Ni na murɗa maka magana, na bar ka ka tafi da ita a murɗe."

"Baba Tela." Mansir ya miƙe tsaye. Fara'ar ta tafi, fuskar da katanga ta sani ce ta fito. "Ka tuna inda kekenka yake."

"Na tuna. Ƙafafunsa na da 'yan tayoyi. Ubanka ne ya zaɓo mai tayoyi, Allah ya ji ƙansa."

Mansir ya ɗaga hannun da ke riƙe da ledar magani, wataƙila nuni zai yi, wataƙila sabo ne. Babayo bai matsa ba, wannan kam ya iya. Andrawus ya ajiye abin da ke hannunsa ya tako ya tsaya kusa da shi, kuma Andrawus ya yi Babayo biyu da rabi. Hannun ya sauka.

Modibbo bai dubi ko ɗayansu ba. Ya zagaya ta gefen bangon, inda fuskar 'yarsa take, ya sunkuya ya yi mata magana da Fulatanci, 'yan kalmomi kaɗan. Da za ta amsa, da Hausa ta yi, yadda duk wanda ke cikin labulen zai ji, har da na bayansa.

"Sau bakwai, Baaba. Banɗakin ba shi da santsi. Ni nake wanke shi."

Tsohon ya cire tabaransa, ya riƙe su a hannu kamar bai san na wane ne ba. Ya zauna a bakin gadon, ya ɗora tafinsa a kan ƙafarta. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Mansir, ajiye maganin ka tafi. In an sallame ta Inkil za ta. Sauran magana a gaban alƙali."

Mansir ya ajiye ledar a kan kujera. Ya buɗe baki, ya dubi Sista Anita da ta riga ta buɗe fayil tana rubutu, ya rufe. Ya ɗaga labule ya fita. Ta bayansa rigar ta zauna masa ɗas, kafaɗa ba ta zame ba. Babayo ya lura da haka, ya kuma ji kunyar lurar.

Aishatu ta taimaka masa ya mayar da riga. Tana gyara masa wuya ta ce ƙasa-ƙasa, "Singiletin nan tun yaushe nake cewa ka ba ni in yi tsumma da ita." Ta ɗora masa hula, ta daidaita ta, ta ƙara daidaitawa ko da yake ta riga ta daidaita. "Zauren gidanmu zai ɗauki keke in an fitar da buhunan gawayi. Ba taga dai."

"A fasa."

"Da wane hannun?"

Bayan salla ya koma gadonsa na farko karɓar kati. Andrawus na zaune a kan kujera yana cin gyaɗa daga aljihu. Ya jawo katin, wurin da aka bari ba rubutu yana nan.

"To, Malam Babayo. Me ya same ka yau?"

"Na faɗi."

"Wanne? Na faaɗi, ko na faɗi?"

Ya ja ta farkon, ya guntule ta biyun, tsaf, kamar wanda aka haifa a bayan fadar Kano. Babayo ya saki baki.

"Shekara talatin ina cin tuwon garin nan," in ji Andrawus. "Mace da namiji ne ban damu in raba su a baki ba, su sun san kansu. Kunnena lafiyarsa ƙalau. Kuma wanda ya faaɗi, tafin hannu yake kurjewa da gwiwa. Kai naka kullum daga sama yake zuwa."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun taɓarya."

"To me ya sa kake rubuta faɗuwa?"

"Na ga haka kake so. Ni ma takardar tana da tsawo, ga mutane a layi." Ya kaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa, bai yi dariya ba. "Gaskiyarka ce, ba ka taɓa yin ƙarya ba. Ni ka bari na yi maka ita sau huɗu. Yarinyan nan ma, uku daga cikin nasa ni na rubuta."

Babayo ya ji "nasa" ɗin, gyaran ya zo masa har leɓe, ya haɗiye shi.

Andrawus ya ɗauko wata doguwar takarda daga aljihun tebur, wadda ake kai wa ofishin walwala na asibiti. Ya ce za ta bi fayil ɗin Amatullah, kuma in alƙali ya nema za a ba shi. Ya ce Babayo ya fara daga farko, kar ya tsallake komai. Babayo ya fara daga azumin bara waccan. Andrawus na rubutawa, yana tsayar da shi yana tambayar rana da wata, har takardar ta cika ya juya bayanta. Da suka gama ya karanta masa, ya fassara, ya miƙo biro.

"Sa hannu a nan."

Yatsun dama sun kumbura, sun ƙi kama biron. Babayo ya mayar da shi hagu, ya dafe takardar da gwiwar hannu, ya fito da harshe kaɗan kamar yadda yake yi in zai zura zare. Sunan ya fara daga kan layi, ya gangara, harafin ƙarshe ya kusa faɗawa cikin hatimi.

Andrawus ya ɗaga takardar sama, ya karkata kai, ya daɗe yana dubawa.

"Tela, layin ya karkace."

"Na gani," in ji Babayo. Ya miƙe, ya gyara hula. "Kar ka taɓa shi."